Doka: Kitson Matan Ƙasar Sakkwato a Ƙarshen Ƙarni na 19 da Yadda Za a Sake Kitsa Ta a Gida

Gabatarwa

Duk shekara idan 26 ga Agusta ta zagayo, watau Ranar Hausa ta Duniya, ko kuwa idan ɗalibai suka tashi shirya wasan kwaikwayo a kan zamanin da, akan ga 'yan'uwanmu mata sun fito cikin shigar da suke kira ta gargajiya. Za a ɗaura zanen saƙi, a rataya tsakiya a wuya, a ɗauki ƙwarya da ludayi, a zizara kwalli. Duk wannan ba laifi. Amma da an ɗaga ido an dubi kai, sai a tarar shuku ne aka yi, ko kuwa wani kitson da aka ƙara wa gashin kanti. Shuku kuwa, ko da yake ya daɗe da zama ɗan gida a wurinmu, sunansa ma aro ne daga Yarabanci. Macen da aka ce ita ce uwargidan wani basarake a Boɗinga zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, in an sa mata shuku, an yi mata adon da ba nata ba.

Kitson da ya dace da ita shi ne doka. A cikin wannan ɗan bayani za mu duba mene ne doka, da hujjar da ta sa muka jingina ta ga wancan zamani, sa'an nan mu bi yadda za a sake kitsa ta a gida da kayan da ke hannunmu yau. Za mu kuma ɗan leƙa Ingila ta ƙarshen zamanin Sarauniya Biktoriya, domin a daidai lokacin matan can ma suna ta fama da tayar da gashi sama, kuma dabarar da suka bi ba ta yi nisa da tamu ba.

Wuri da lokaci

Boɗinga da Shagari suna kan hanyar da ta fito daga Sakkwato ta nufi Tambuwal, kowace hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato. Tarihin wurin sananne ne ga mai karatu. A Sifawa, wadda ke cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna wajen shekara biyar kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a Boɗinga ya zauna kafin ya koma Gwandu. Ta wannan yanki ne Barth ya bi a 1853 sa'ad da ya tashi daga Sakkwato zuwa Gwandu. A Shagari aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Mun kawo shi ne domin ya zame mana ma'aunin lokaci: matan da suka goyi sa'o'insa, da kakannin da suka yi musu tatsuniya, a ƙarshen ƙarni na 19 aka haifi mafi yawansu. Ashe zamanin da muke magana a kai bai yi nisan da ake zato ba.

Abu biyu ya sa wannan yanki ya dace da nazarin kitso. Na farko, wuri ne da Fulani da Hausawa suka cakuɗa, da na gida da na rugage, kowa da irin adonsa, ana kuma gani ana ara. Na biyu, ƙasar malamai ce, inda duk abin da mace za ta ɗora a kanta sai an tambayi hukuncinsa wajen alwala da wanka. Za mu komo ga wannan.

Lokacin da muke nufi kuwa shi ne zamanin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu, 1881 zuwa 1891, da na Abdurrahman, 1891 zuwa 1902. Sarauniya Biktoriya ta mutu a Janairun 1901, Turawa suka ci Sakkwato a Maris na 1903.

Mene ne doka?

Kalmar doka a rubutun boko tana ɗauke da ma'ana uku: akwai dokar hukuma, akwai itacen doka da ke cike da dazuzzukan kudancin ƙasar Hausa, akwai kuma dokar kai. Ta ƙarshen ita ce tamu. Kitso ne wanda ake tayar da gashi ya yi tudu a tsakiyar kai, tun daga saman goshi har zuwa wajen ƙeya, kamar kunyar gona ko zankon zakara. Gashi shi kaɗai ba ya tsayawa haka, saboda haka akan naɗa tsumma a shimfiɗa shi a tsakar ka, a jawo gashin gefe da gefe a rufe shi, a kitse a bisa. Nan ta bambanta da shuku: shi shuku layukansa suna taruwa ne a wuri ɗaya a ɗaure su tukku, ita kuwa doka tana da tsawo, tana da gaba da baya.

Hujja mafi tsufa da ke hannunmu ta Clapperton ce, Baturen nan da ya zo Sakkwato a 1824 zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya sake dawowa, ya mutu a nan a 1827. A cikin labarin tafiyarsa ta biyu, wanda aka buga a 1829, ya bayyana adon matan Sakkwato. Ya ce galibi ana tayar da gashin ne ya yi zanko a bisa kai, da wani siririn kitso yana reto a gaban kowane kunne. Ya kamanta waɗannan 'yan kitso biyu da wutsiyar alade, amma wannan kwatancen baƙo ne wanda bai san abin da ke kyau a idon masu gida ba. Ya ce wasu matan Fulani sukan yi 'yan kitso huɗu su zagaye kai da su. Ya kuma ce duk inda aka kitse akan shafe shi da shuni, a sa aska a gyara bakin goshi ya yi faɗi ya yi baka, a rage gira ta zama siririya. Madubinsu kuwa ɗan ƙarfe ne kewayayye, ƙarami ƙwarai, cikin gidan fata.

Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, a 1934, ƙamusun Bargery ya fito, kalmar doka tana ciki da wannan ma'ana ta kitson mata, kuma daga bakin mutane masu rai aka tattara kalmomin ƙamusun. To, kitson da baƙo ya gani ruwan dare a Sakkwato kafin 1830, aka kuma tarar da sunansa a bakin jama'a bayan 1930, babu shakka shi ne ke kan matan Boɗinga da Shagari a tsakanin waɗannan lokuta biyu, ga su kuwa a bakin ƙofar birnin. Irin wannan zanko ba a nan kaɗai yake ba. Matan Fulanin Futa Jalon a ƙasar Gini sun shahara da nasu, wanda ya fi namu tsayi da sirantaka, don su a kan siririn itace mai lanƙwasa suke ɗora gashin.

Na Ingila

A shekarun 1880 da 1890 yayi ne ga matan Ingila da Amurka su tattara gashi sama, su kumbura shi a bisa goshi, su naɗe sauran a tsakar ka ko a ƙeya. Hotunan 'yan mata da Charles Dana Gibson ya riƙa zanawa a Amurka cikin shekarun 1890 sun ƙara yaɗa yayin. Sirrin kumburin nan kuwa ba wani abu ba ne illa ƙunshi da ake cusawa ƙarƙashin gashi, wanda a harshensu suke kira da sunan ɓera. Da me ake yin sa? Da gashin da ya zube wajen taza. Mace takan ajiye wani ɗan kasko mai rami a murfi kusa da madubinta, kullum ta tsince gashin mataji ta tura ciki, in ya taru a dunƙule shi. Akwai kuma awartakin nannaɗe gashi da ake gasawa a wuta, wanda wani Bafaranshe mai suna Marcel Grateau ya yi suna da shi a Faris tun cikin shekarun 1870.

Dabarar dai ɗaya ce, watau a sa abu a ƙasa a rufe shi da gashi. Amma daga nan hanya ta rabu. Baturiya tana soke nata da 'yan ƙarafuna ne da safe, da dare ta zare su ta taje kai, gobe ta sake. Mai hali tana da baiwar ɗaki mai yi mata, marar hali kuwa ta zauna gaban babban madubi ta yi wa kanta. Doka ba a soke ta, kitsa ta ake yi, in an yi ta kuwa sai ta yi makonni. Kuma babu macen da ke yi wa kanta doka. Wannan ɗan madubin da Clapperton ya gani na duba kwalli ne da haƙora, ba zai nuna wa mace tsakar kanta ba. Saboda haka duk wadda ta ce za ta sake yin doka a gida, abu na farko da za ta nema shi ne mutum, kafin ta nemi tsinke.

Kayan aiki

Kayan ba su da yawa: tsinken kitso na tsaga, da mataji mai manyan haƙora, da baƙin zare, da basilla, da ƙyallen da za a naɗa, da mai, da abin wanke kai.

Wajen wanki, sabulun salo da karkashi sun isa. Ganyen karkashi in an jiƙa shi yana ba da yauƙi, yauƙin nan shi ke warware gashin da ya cukurkuɗe ba tare da an tsinke shi ba, har yanzu kuwa mata suna amfani da shi. Wajen mai, a ƙasar da Fulani ke kawo nono kasuwa kullum, man shanu ne a kusa. Yana laushi ƙwarai, sai dai in ya kwana biyu a kai cikin zafin Sakkwato yakan yi ƙarni, shi ya sa turare ba ya rabuwa da kitso. Wadda ba ta jure ƙarni ta yi amfani da man kaɗe.

Shuni yana bukatar a tsaya a kansa. Daga ganyen baba ake samunsa, shi ne kuma abin da ke ba tsohon kitso wannan baƙi mai ƙyalli wanda ke komawa shuɗi in rana ta doke shi. Yana zuba, yana ɓata matashi da kallabi da wuya. Mu a yau ƙazanta za mu kira wannan, amma mutanen da ba haka suka ɗauke shi ba. Ai rawanin ɗan Kura ma, wanda ake bugawa har ya yi walƙiya, zubar da yake yi a fuskar mai shi tana cikin abin da ake so a gare shi. Sai dai a yi hattara. Yawancin abin da ake rini da shi yanzu na kanti ne, ana haɗa shi da soda mai ƙuna da wasu sinadarai, wannan kuwa bai kamata ya kusanci fatar kai ba. In ba a sami shunin baba na ainihi ba, gara a haƙura, doka ba ta fasa zama doka don babu shuni. Haka nan askar goshi: wadda za ta fito wasa na awa biyu ba ta da dalilin aske gashin da zai ɗauke ta watanni kafin ya dawo.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne gashin kansa. Doka tana son gashi mai ƙarfi, wanda bai sha man miƙarwa na kanti ba. Gashin da aka miƙar da shi santsi gare shi, yana zamewa daga kan ƙunshi, kuma ya riga ya yi rauni, in an ja shi sai ya karye.

Yadda ake kitsa ta

Hannun makitsiya ya bambanta daga gari zuwa gari, har daga gida zuwa gida. Abin da za mu kawo nan hanya ce mai sauƙi wadda ke fitar da siffar da aka bayyana a sama, wadda kuma duk mai iya kitson zane za ta iya bi.

Ana farawa tun jiya. A tsefe tsohon kitso, a wanke, a bari ya bushe sarai, a shafa mai, a taje, a kama shi manya-manya a kwana da shi domin ya miƙe. Kada a kuskura a ɗora ƙunshi a kan ɗanyen gashi, don damshin ba shi da mafita, ƙarshensa wari da ƙaiƙayi.

Kashegari da hantsi, bayan an gama aikin gida, sai a shimfiɗa tabarma a inuwa. Makitsiya ta zauna a kujera 'yar tsugunne, mai kai ta zauna ƙasa tsakanin ƙafafunta. Aikin farko shi ne tsaga, a nan ne kuma ake gane gwana. Za ta ja layi biyu daga goshi zuwa ƙeya, ta bar wani siririn fili a tsakiya, faɗinsa kamar yatsa biyu. Ta duba karan hanci ta daidaita, domin in tsagar nan ta karkace, dokar duka ta karkace, ba kuwa abin da zai gyara ta sai tsifa. Gashin wannan fili na tsakiya sai ta kitse shi guda ɗaya kwance, daga gaba zuwa baya. Wannan shi ne tushe, ba a ganinsa in an gama, amma a kansa kome zai zauna. Sa'an nan ta ware 'yan gashi a gaban kowane kunne ta ɗaure su gefe, na kitson reto ke nan, sai ƙarshe za a komo kansu.

Sai ƙunshi. A auna da zare daga inda ake so dokar ta fara, watau ɗan baya kaɗan da bakin gashin goshi, zuwa inda za ta ƙare a saman ƙeya. A samu tsohon ƙyallen auduga wankakke, baƙi ko shuɗi mai duhu, don in fari ne zai riƙa leƙowa ta tsakanin gashi. A naɗe shi tam, tsakiyarsa ta fi kauri, bakinsa biyu su tsuke, kamar jirgin kwale-kwale da aka kifar. A ɗaure shi da zare. Kada a yi amfani da soson katifa ko da yake ya fi sauƙin yankawa, domin yana shan gumi ya riƙe, kuma ba ya da nauyin da zai zauna daram. Game da tsayi, kuskuren masu koyo shi ne zari. Gashin gefe ne zai hau ya rufe ƙunshin, saboda haka tsawon gashin mai kai shi ke yanke hukunci. A fara gwadawa: a ɗora ƙunshin, a jawo gashi daga dama da hagu, in sun haɗu a bisa har da rarar da za a kitsa, to ya yi; in ba su haɗu ba a rage ƙyalle. Bayan haka a ɗinke ƙunshin a jikin tushe da basilla, wuri uku ko huɗu, a hankali, bakin basillar yana kallon sama.

Yanzu aka zo ga aikin da ke cin rana. Gashin kowane gefe za a tsaga shi layi-layi, daga wajen kunne zuwa sama. Kowane layi a kitsa shi kwance yana hawa, har ya iso gindin ƙunshi, a tsaya nan, a bar jelarsa a sake. Ana yin ɗaya a dama, a yi takwaransa a hagu, domin kada ja ya rinjaya gefe guda. Iyakar sirantar layukan, iyakar kyan dokar, iyakar kuma daɗewar zama. A nan ne hira ke tsinkewa, a nan ne kuma mai kai ke sanin cewa ado yana da farashi, don wuya zai ƙage, ƙafa ta yi sanyi. Idan layuka sun kammala, sai makitsiya ta taje jelolin nan, ta shafa musu mai, ta shimfiɗa su a jikin ƙunshi daga ɓangarorin biyu har ƙyalle ya ɓace. Daga nan ta fara daga goshi, tana ɗebo kaɗan daga dama kaɗan daga hagu, tana haɗa su cikin kitso guda wanda zai bi ƙololuwar tudun har ƙeya. Wannan kitso na bisa shi ne kamar ɗinkin da ya rufe aikin. Jelar da ta rage a baya a lanƙwasa ta a tura ƙarƙashin ƙunshi, ko a bar ta ta sauka a wuya. Daga ƙarshe a kitsa na gaban kunnuwa sirara, a murza bakinsu da mai. In akwai shuni, yanzu ne za a kwaɓa shi da ɗan mai a bi layukan da shi.

Akwai abu ɗaya da ya kamata mai kai ta buɗe baki ta faɗa, ko da makitsiyar gwaggonta ce. In ta ji fatar goshinta ta ɗaure har girarta ta ɗaga, ko ta ga 'yan ƙuraje sun fito a gindin gashi, to an ja da yawa. Yawan jan nan shi ke cinye gashin goshi, in aka daɗe ana yi kuwa ba ya sake tsirowa. Tsofaffi da yawa da muke gani goshinsu ya ja baya, ba tsufa kaɗai ba ne.

Doka da hukunci

Ba zai yiwu a yi maganar doka a ƙasar Sifawa da Boɗinga a tsallake fiƙihu ba. Matsala uku ce. Ta farko tsarki. A mazhabar Malikiyya shafar kai duka wajibi ce a alwala, a wanka kuma dole ruwa ya kai ga fatar kai. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilmi ya sani, ba ta wajabta wa mace tsefe kitsonta don wanka ba, sai dai ta cuɗa shi ruwa ya shiga. Amma malaman da suka yi sharhi daga baya sun ce in an ɗaure kitson da zaruruwa masu yawa, ko ya yi tsaurin da ruwa ba ya ratsa shi, to sai an kwance. Doka mai ƙunshi da ɗinki da kaurin shuni tana tsaye ne daidai kan wannan iyaka.

Ta biyu ita ce hanin da ya zo a hadisi game da ƙara gashi a kan gashi. An ruwaito cewa Imamu Malik ya ɗauki hanin a faɗaɗe, ya haɗa da ulu da tsumma, shi kuwa Laisu ɗan Sa'ad ya taƙaita shi ga gashi kawai. Ta uku kuwa hadisin da ke cikin Sahihu Muslim wanda ya zargi matan da ke mayar da kawunansu kamar tozon raƙumi. A nan za a lura cewa ɓeran Baturiya, tun da da gashi ake yin sa, ya fi shiga tsakiyar wannan magana. Na tsumma shi ne ake saɓani a kansa.

Mu ɗaliban harshe da al'ada ne, ba masu fatawa ba. Abin da ya shafe mu shi ne, kitson nan ya rayu a tsakiyar Daular Usmaniyya, a gaban idon malamai, wannan kuwa yana nuna mana cewa abin da ke cikin littafi da abin da ke cikin gida ba kullum suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba. Wadda ke son ta kauce wa saɓanin tana da mafita: a faɗaɗa filin tsakiya, a kitsa tushen da kauri da gashinta na kanta, a rufe shi da na gefe ba tare da ƙyalle ba. Tudun ba zai kai na ainihi ba, amma siffar za ta fito.

Abin da ya kawar da ita

A ganina ba abu ɗaya ba ne. Doguwar doka ba ta jituwa da gammo, don inda tulu zai zauna nan ta zauna, saboda haka tun asali ta fi dacewa da macen da ba ta ɗaukar kaya, ko da lokacin biki da salla. Tana cin yini guda da kuɗin makitsiya, a da da wuri ake biya. Daɗewarta a kai kuma tana gayyatar baƙin da ba a so, ba banza Bahaushe ya san kitso da ƙwarƙwata ba. Da makarantar boko ta zo, 'yan mata suka koma ga kitson da za a gama da yammacin Juma'a ko Asabar. Sabulu ya yawaita, wanke kai ya zama na kowane mako. Daga baya hijabi ya yaɗu, musamman tun daga shekarun 1980, ga kuma man miƙar da gashi da gashin kanti.

Abin dariyar shi ne, sha'awar tudu a kai ba ta mutu ba, wuri kawai ta sake. Acuci-maza da 'yan mata ke cusawa ƙarƙashin ɗankwali ƙunshi ne shi ma, sai dai ya sauka daga tsakar ka ya koma ƙeya, kuma wa'azin da ake yi a kansa da hadisin tozon raƙumin nan ake yin sa. Wadda ta sa acuci ta kuma yi wa hoton kakarta dariya, ba ta duba madubi da kyau ba.

Kwana da ita da tsefe ta

Mai doka ba ta kwanciya rigingine, sai ta gefe, ta ɗaura tsohon kallabi sako-sako don kada layukan su tashi. Da safe ta shafa ɗan mai a tafin hannu ta bi gefen tudun daga ƙasa zuwa sama. In za ta ɗaura kallabi na fita, ta ɗora shi ne ya bi siffar dokar, kada ta danne ta; ai rabin kyanta shi ne a gane tana nan ko da an rufe.

Mutanen da sukan bar ta ta daɗe, amma wadda ta yi ta don biki ko wasa kada ta wuce mako guda da ita, musamman da bazara. Ranar tsifa a fara daga ƙeya, a warware kitson bisa zuwa goshi, a buɗe gashin gefe biyu. Zaren ɗinkin a ɗaga shi da tsinke a gan shi sarai kafin a sa almakashi, don baƙin zare da baƙin gashi ba su da bambanci a ido, nan ne kuwa ake yanke wa mutane gashi. A cire ƙunshin, a tsefe layukan ɗaya-ɗaya da mai a yatsu, kada a sa mataji sai an jiƙa kan da ruwan karkashi. Gashin da zai zubo zai yi yawa, kada a tsorata, wanda ya saba zuba kullum ne kitso ya riƙe shi. Ƙunshin kuwa a warware shi a wanke, a shanya a rana, a naɗe a ajiye tare da zaren awon, domin an riga an san tsawon da ya dace da wannan kai.